Tayoyin Albashin Farko

Ni na haɗa rigimar nan, kuma da kyakkyawar niyya na haɗa ta. Na faɗa tun da wuri ne don kada a ɗora wa tsofaffin nan biyu laifin da ba nasu ba, ko da yake su ma, in za a bi gaskiya, taurin kansu ya isa a yi magana.

Sunana Khaulat. Babana, Malam Bunu, tsohon malamin firamare ne a nan Azare. Ya yi ritaya da abu biyu: ciwon gwiwa da wata tsohuwar mota Fijo fara wadda ta girme ni. Kakanmu daga Borno ya zo, saboda haka ko da yake a Azare aka yanke cibiyar Baba, har gobe Babarbare ne a bakin Fulanin gari. Wanda ya fi kowa tuna masa da haka shi ne Baffa Bappayo, mai sayar da taya da yin faci a bakin titin da ya nufi Jama'are.

Shekara talatin, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Baba zai tsayar da motarsa a gaban rumfar Baffa Bappayo. Tun kafin ya kashe inji za ka ji murya daga cikin tayoyi:

"Bawana ya iso! Ɗauki tsintsiya ka share min rumfa kafin ka zauna."

Baba zai fito yana dafe da gwiwa, ya ce, "Yaushe aka fara barin mai kiwo ya taɓa mota? Je ka wanke hannu, ƙarnin nono kake yi."

Wasan Fulani da Barebari ke nan, kuma su biyun sun ƙware a kansa. Baffa zai zagaya motar, ya danna kowace taya da babban yatsa, sannan ya sa ma'aunin iska don ya tabbatar da abin da yatsan ya gaya masa. Daga nan sai benci, sai fura, sai cacar baki har la'asar. Ina ƙarama na sha zaton faɗa suke yi, har na taɓa yin kuka.

Baffa yana da wata al'ada da duk direban ƙasar Katagum ya sani. Duk tayar da ta fita daga hannunsa, yakan ɗiga mata farin fenti sau uku kusa da bakin hura iska. Ma'anar ɗigon, ya tsaya wa tayar nan: ka kawo ta ko yaushe a duba iska, a cire ƙusa, ba za a tambaye ka komai ba. Kuma ba ya ɗiga wa tayar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, ko da kuwa shi ya sayar.

To, tayoyin Baba sun yi sanƙo. Girman tayar da tsohuwar motar ke ɗauka kuma ya yi wuyar samu a gari. Akwai na hannu jibge a rumfar, amma Baffa ya ƙi sayar masa.

"Ba zan ɗora ka a kan abin da wani ya gaji da shi ba," in ji shi. "Ina nema maka sabbi. Kafin nan, kada in ji ka wuce Jama'are da waɗannan."

A wannan watan ne na karɓi albashina na farko a ɗakin gwajin jini da na fara aiki. Kowa ya san albashin farko na iyaye ne, a kai musu su sa albarka. Ƙawayena shadda da atamfa suka saya. Ni kuwa, sarkin dabara, na ce abin da zai tsare ran ubana zan saya. Na tsuguna gefen motar na ɗauki hoton lambobin da ke jikin taya, na shiga intanet a wayata, na yi kwana uku ina bincike. Na karanta abin da masu saye suka ce game da kowane shago. Na gano cewa taya ma tana da ranar haihuwa, lamba huɗu a gefenta, mako da shekarar da aka yi ta, na sa wani mai shago a Legas ya turo min hoton lambar kowace ɗaya kafin in yarda. Ranar Asabar aka kira ni daga tasha, tayoyi huɗu sun iso, baƙaƙe wuluk, suna ƙamshin sabunta.

Baba ya daɗe yana kallonsu a tsakar gida. Ya ɗora hannu a kaina ya yi min addu'a mai tsawo. Da ya shafa, sai ya ce a hankali, "Bappayo ya sani?"

"Me zai sani, Baba?"

Mama ce ta ja ni ɗaki ta ce, "Ke dai ba ki da hankali. Shekara talatin ubanki bai taɓa hawa tayar da ba daga rumfar nan ta fito ba. Mutumin yana can yana nema masa, yanzu da wane ido zai kai masa ta wani ya ce ɗaura min?"

Na ce, "Mama, taya ce fa, ba aure ba."

Ta ce, "Za ki gani."

Na kuwa gani. Baba ba zai mayar da kyautar 'yarsa ba, ba zai kuma iya kai wa amininsa ba. Sai ya zaɓi hanya ta uku, wadda ta fi duka biyun muni. Ranar Litinin da sassafe ya loda tayoyin a but ɗin motar da kujerar baya, ya zagaya ta bayan gari don kada ya bi ta gaban rumfar, ya tafi Jama'are wajen wani mai faci da bai san shi ba. Aka ɗaura sabbi. Tsofaffin ya bar su can, don in ya dawo da su gida za su zama shaida. Da ya dawo sai ya lura da abin da bai yi tunani ba: sabbin tayoyin ba su da ɗigo, duk wanda ya kalle su ya san labari. Ya shigar da motar ciki, ya lulluɓe ta da tamfol har ƙasa.

Juma'a ta zo, Baba ya hau keke mai ƙafa uku zuwa masallaci, ya dawo gida kai tsaye. Ya zauna a tabarma da rediyo a gefensa, bai ko kunna ba. Juma'a ta biyu ma haka. Mutumin da ke dawowa yana dariya shi kaɗai yana maimaita baƙar da ya yanka wa Bafulatani, ya koma sai an yi masa magana sau biyu kafin ya ji. Raina ya ɓaci, da shi da ni kaina.

A mako na uku wani mai kura ya sauke buhun gero a ƙofar gidanmu. Aka tambaye shi daga ina, ya ce shi dai an ce ya kawo gidan Malam, ya juya abinsa. Muka yi ta lissafin dangi, ba mu gano kowa ba.

Kwana biyu bayan haka Baba ya je wani sunan jariri a unguwarsu Baffa, wanda ba yadda zai yi ya ƙi zuwa. Ya dawo fuskarsa kamar an yi mutuwa. Na kai masa ruwa ya ƙi karɓa.

"Mun haɗu," ya ce wa Mama. "Ya ba ni hannu biyu. Ya ce, Malam, ina kwana, yaya iyali, Allah ya rufa asiri." Ya dubi Mama. "Malam ya ce min, Zainabu. Shekara talatin bai taɓa kirana Malam ba. Ya ji labari. Shi ke nan, na rasa shi."

Nan na fahimci abin da Mama take nufi. A wajen mutanen nan, ranar da aka daina wasa, ranar zumunci ya mutu. Na ji tsoro na gaske. Washegari Alhamis, da na tashi daga aiki, ban nufi gida ba.

Na tarar da Baffa shi kaɗai a rumfa, yana goge wani tiyub da ƙarfen kankarewa. Na durƙusa na gaishe shi. Ina ɗaga kai sai idona ya faɗa kan wata taya mai sanƙo da aka jingina a jikin bencin da Baba ke zama, an wanke ta tas, ga ɗigo uku a jikinta.

Ya ga inda nake kallo. Ya ajiye tiyub ɗin.

"Ta hagu ce ta baya," ya ce. "Ga facin da na yi mata bara, da ƙaya ta soke ta a hanyar Katagum. Wani mai amalanken shanu daga wajen Gamawa ya kawo min ita, ya ce a Jama'are ya saya. Na ba shi wata, na riƙe wannan." Ya sauke murya. "'Yata, gaya min gaskiya, ba zan nuna masa na sani ba. Tayar mota ba ta komawa ƙarƙashin amalanke sai in an yanka motar. 'Yan gwangwan ya sayar wa ko? Na ga yana hawan keke mai ƙafa uku. Zaman ritaya ba sauƙi, na sani. Abin da ya dame ni, har abin ya kai shi ga rabuwa da motar nan bai iya buɗe baki ya gaya min ba."

Na ce, "Baffa, shi ya sa kuka kira shi Malam?"

"To, ana yi wa mutumin da ke cikin wani hali wasa? Ai sai ya ga kamar dariya nake masa."

Dariya ta ƙwace min, kafin in ankara ta koma kuka. Na gaya masa komai, tun daga hoton lambobi har zuwa tamfol. Ina magana ina jiran in ga fuskarsa ta canja, don mutumin da ya yi wata biyu yana nema wa amininsa taya yana da ikon ya ji haushi.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ke nan motar tana nan?"

"Tana nan, Baffa."

"Shi kuma lafiyarsa ƙalau? Ba abin da ya same shi?"

"Ba komai sai kunyarku."

Ya rufe ido ya ce, "Alhamdu lillahi," har sau uku. Da ya buɗe su, sai na ga tsohon Baffan da na sani ya dawo. Ya zura ma'aunin iska a aljihu, ya ɗauki wani ɗan gwangwani ya saƙale a babur, ya bar rumfar a buɗe ya ce wa maƙwabcinsa ya sa ido.

Da muka isa gidanmu, ko sallamar kirki bai jira an amsa ba. Ya nufi motar ya yaye tamfol ɗin, ya tsuguna gaban tayar farko. Ya shafa zanenta da tafin hannu, ya bi gefenta da yatsa har ya kai kan lamba huɗun nan, ya matso da ido ya karanta. Haka ya yi wa duka huɗun, ba gaggawa. Baba ya fito daga ɗaki ya tsaya bakin ƙofa, ya kasa gaba ya kasa baya.

Baffa bai kalle shi ba. Ni ya kalla.

"Ta bana ce," ya ce. "Duka huɗun. Wallahi ta fi wadda dilana na Kano ya ce zai samo min. Wa ya koya miki duba lambar nan?"

"A waya na karanta."

"Madalla da wayar. Direbobi nawa na yi wa bayaninta suna min kallon mahaukaci. Za ki nuna min shagon, akwai masu irin motar nan biyu da suke jirana."

Na sha ganin mutane suna kushe abu mai kyau don kawai ba daga hannunsu ya fito ba. Wannan tsoho sana'arsa ke nan, abincinsa ke nan, amma ya duba kayan wani ya yaba a gaban kowa. Tun daga ranar nake ganin girmansa fiye da da.

Sai ya sa ma'auni a tayar gaba, ya duba, ya yi tsaki.

"Ga abin da waya ba za ta yi miki ba. Dubi iskar da aka ɗura mata, kamar ta babbar mota! A haka ya taho daga Jama'are cikin rana?" Ya danna bakin, iska ta fita da shiii, ya sake aunawa. Ya bi sauran ukun ya daidaita. Sannan ya buɗe ɗan gwangwanin nan, ya tsoma tsinke, ya ɗiga farin fenti sau uku a jikin tayar farko.

Baba ya matso kusa. "Bappayo, ba kai ka sayar da su ba."

"'Yata ce ta saya. Ina ruwanka?"

Ya gama da huɗun, ya rufe gwangwanin, ya miƙe yana riƙe da ƙugu. Sai a lokacin suka haɗa ido. Baba ya buɗe baki zai ba da haƙuri, amma sai ya ce, "Geron nan fa?"

"Wane gero? Ka taɓa jin ubangida ya kai wa bawansa gero?" Baffa ya miƙa hannuwansa da suka yi baƙi da fari. "Kai bawana, ka tsaya kana kallona? Kawo min ruwa in wanke hannu."

Na yunƙura zan ɗauko buta, Baba ya tare ni da hannu. Shi da kansa ya tafi, da ciwon gwiwar da komai, yana sauri, yana share ido da hannun riga.