Ramin Hanyar Gyallesu

Yusha'u yana dakon ƙwai daga gonakin kaji zuwa shagunan Tudun Wada, kuma a-kori-kurarsa ta daɗe tana yi masa ɓarna. Duk ramin da ta faɗa sai ƙwai ya fashe.

Rannan ya je shagon Ejiofor mai kayan mota, shi kuma ya ajiye masa shokozoba, wato abin da ke shanye girgizar mota, iri biyu a kan benci.

"Wannan irin ta kowa ce," in ji Ejiofor. "Wannan kuwa, in kaya da nauyi ka murɗa nan ta yi tauri, in ƙwai ne ka sassauta ta yi laushi."

Yusha'u ya murɗa, ya ji ƙas-ƙas, ya kasa ajiyewa. Ita ya zaɓa.

Bakanike ya ɗaga motar da jak, ya cire tsofaffin, ya ɗaure sababbin. Yusha'u da kansa ya shiga ƙarƙashi ya sassauta su, ko ta kan farar rigarsa bai bi ba.

Ya nufi hanyar Gyallesu, inda ramin da ya fi tsana yake. Motar ta wuce shi sumul, kamar kwalekwale a ruwa. Dariya ta ƙwace masa. Ya juyo ya sake bi, ya kuma juyowa.

Wani dattijo mai shayi ya tsayar da shi. "Malam, wani abu ka yar ne a nan?"

"A'a, Baba," in ji Yusha'u, yana share hawayen dariya. "Shigo gaba ka ji da kanka."