Fuskar Tebur

"Baba Kafinta, ka bar mini teburin nan, in kawo maka kujera mai katifa. Bayanka ya huta."

"Kai Dillali, yaushe ka fara tausayin bayana?"

"Tun ranar da na ga teburin."

Suka yi dariya, suka tafa. Sharaɗi ɗaya ne: Kafinta zai goge fuskar teburin ta fito fes, don mai saye ba ya son tabo.

Teburin na farin katako ne, wanda 'yan katako ke kira fain. Da hannunsa Kafinta ya haɗa shi shekarar da aka haifi ɗansa na fari. Katako ne marar nauyi, ga biyayya: ƙusa ta shige shi ba gardama, zarto ya ratsa shi kamar sabulu. Aibinsa laushi. Ko farce ka danna masa sai ya riƙe. Mutum shida ke zagaye shi a da. Yanzu uwar yaran ta rasu, yaran kowa ya kama gabansa, waya ma sai an ga dama.

Da hantsi ya jawo shi tsakar gida, ya wasa magogin katako, ya ɗora. Ɓawon katako ya rinƙa nannaɗowa, ƙamshin ƙaro ya tashi kamar jiya aka yanko itacen. Ya ci rabi kafin ya sunkuya ya duba saiti da ido ɗaya, yadda ya saba.

Nan ya gan su a ragowar rabin. Haruffan da yaran suka danne da biro ta cikin takarda. Sunan autarsa, harafi ɗaya a juye. Ramuka huɗu inda keken ɗinkin matarsa ya zauna shekara da shekaru. Kullum yana cin abinci a kai, bai taɓa sunkuyawa ba.

Ya daɗe tafinsa na kan wurin. Ba wanda zai ce wa zo ka gani.

Sai dai an riga an tafa, kuma tun da yake bai taɓa sakin aiki rabi a goge ba. Ya ƙarasa.

Dillali ya zo da la'asar, ya shafa, ya ce, "Tsoho, hannunka bai tsufa ba!"

Dillali ya ci riba, mai saye ya sami tebur kamar sabo. Kafinta kuwa bayansa ya huta, amma ɗan abin da iyalinsa suka bar masa, shi da kansa ya share shi da tsintsiya.