Shawarar Doña Eulogia

Shekara ashirin Doña Eulogia tana sayar da 'yan tsanar gishiri a Colchani, bakin filin gishirin nan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Teburin da ke gefenta na Fermina ne, mai huluna da baƙin tabarau. Mako biyu ba sa ga maciji, tun da Fermina ta turo teburinta cikin inuwar rumfar Eulogia.

Ranar Talata da hantsi wata budurwa ta sauko daga motar garin Uyuni da jaka a baya. Rosaura sunanta, malamar makaranta daga Santa Cruz.

"Mama, guzurina kaɗan ne," in ji ta. "Yaya zan ga gishirin nan ban shiga motar Turawa masu yawon buɗe ido ba?"

Eulogia ta ji yarinyar ta kwanta mata. Ta ce ta ɗauki hayar keke wajen Nicanor bakanike, ta ci abinci a kasuwa, ta cika gorarta kafin ta shiga filin gishirin. Rosaura tana ta godiya, sai ta waiga teburin gefe.

"Tabarau ɗin can fa, dole ne?"

Eulogia ta hango Fermina har ta miƙe tana washe baki.

"Wane dole! Tsadar banza ce, 'yata. Ja hularki kawai, ga gajimare ma yau."

Ta san gajimare ba ya kare komai a can. Mijinta ya gama ƙarfinsa wajen saran gishiri, yanzu da laluben bango yake fita tsakar gida.

Washegari da safe Nicanor ya zo yana faɗa. "Baƙuwarki tana asibiti. Idanun sun kumbura suntum, ta ce kamar an zuba mata yashi. Wuni guda cur a kan gishiri! Ni sai da ta dawo da keken na lura ba ta da tabarau."

"Kayya," Fermina ta ce, "har ta kalli kayana. Da ta matso ai ko aro na ba ta."

Eulogia ta sunkuyar da kai tana jera 'yan tsanar da ta riga ta jera.

Da rana ta dafa miyar kinuwa, hatsin ƙasarsu, ta kai asibiti. Ta tarar an naɗe wa Rosaura ido, ta zauna tana ba ta a baki.

"Mama, ke kaɗai na samu a garin nan," in ji yarinyar. Eulogia ta sake ɗebo miya a cokali.

Idanun sun buɗe bayan kwana uku, amma hutun makaranta ya ƙare. Eulogia ta raka ta tasha, sai da direba ya tada mota sannan ta iya magana.

"Na san hasken gishiri yana ƙona ido. Haushin maƙwabciyata ya sa na hana ki saya."

Rosaura ta dube ta da jajayen idanu.

"Shekara biyu ina shirin tafiyar nan, Mama. Na so in ga jan tafkin nan mai tsuntsaye da ke can gaba da filin gishirin."

Ta hau ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon tasha. Eulogia ta tsaya nan har motar ta sha kwana. Ranar ba ta fitar da teburinta ba.