Kwalin Jado

Lantana ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta iyaye mata, haka ta taso ta tarar ana yi a gidansu. Kowa yana cewa Idrisa, ita kuwa sai ta ce "wancan", ko "yaron gidan nan". In ana yabonsa a gabanta, sai ta miƙe ta shige ɗaki kamar akwai abin da ta manta. Ranar da zai tafi Jado haƙar zinariya ya zo ya durƙusa yana yi mata sallama, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Sai bayan ya fita ta ga ashe ɓawon take zubawa a ƙwarya, ƙwayar kuma take watsarwa ƙasa.

Damina uku ke nan. Da farko yakan kira ƙanwarsa Fadila, su yi ta surutu, uwar tana gefe tana tankaɗe, kunnenta na wajensu. Daga baya kiran ya ɗauke. Samarin ƙauyukan yankinsu na Gangara da suka tafi tare da shi suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, kowa da nasa labarin. Wani ya ce ya ji ya wuce Aljeriya. Wani ya ce rami ya rufta da wasu, amma bai san ko su waye ba. Lantana ba ta tambayi kowa ba. Sai dai in an ɗauko zancen a bakin rijiya, naɗa gammonta yakan ɗauki lokaci.

Bazarar bana ta zo da zafi, rumbu kuma ya yi ƙasa. Tunda mijinta ya rasu, ƙaninsa Barmo ne ke tsaya mata a kan irin wannan. Ranar kasuwar Gazawa ya ɗaura amalankensa, aka ɗora bunsurunta da tiren ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa, suka kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Kafin hantsi ya sayar da bunsurun, ya kawo mata kuɗin, ta ƙulle a bakin zane.

"Matar yaya, riƙe da kyau," in ji shi. "Bayan azahar masu hatsi za su sauko da farashi, sai mu auna. Kar in dawo in tarar kin sayi ɗan kunne."

"Wa zan sa wa? Kai?"

Ya tafi yana dariya.

Wurin zamanta kusa da Rufaida ne, mai sayar da daddawa, mutuniyar wani ƙauye can gabas da Gazawa. Sun daɗe suna zama tare ranar kasuwa. Rufaida mace ce mai kirki, sai dai magana ba ta kwana a cikinta.

Rana ta take tsaka sai ga wani mutum ya tsaya a gabansu. Ba yaro ba ne, bai kuma manyanta ba. Ya naɗa rawani irin na matafiyan arewa, leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun yi ja kamar wanda ya kwana a mota. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna.

"Salamu alaikum, iyayena. Don Allah wata baiwar Allah nake nema. An ce daga wajen Gangara take zuwa, tana sayar da ƙuli-ƙuli. Tana da ɗa a arewa."

Hannun Lantana ya tsaya a kan tire.

"Ga ta nan gabanka!" Rufaida ta ce, har tana ture kwandonta. "Ita ce! Wanda ke Jado ko?"

"Jado, Inna. Daga can nake."

"Dogo haka, baƙi? Ɗanta na fari?"

"Shi ne. Rami ɗaya muke aiki." Ya juyo wajen Lantana, ya ƙara sunkuyar da kai. "Inna, ɗanki yana gaishe ki. Ya ce ki yafe masa."

Lantana ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Tambayoyi suka taso mata gaba ɗaya: yana cin abinci, ya yi ciwo, tabon da ke ƙafarsa yana damunsa, yaushe zai dawo. Ga mata sun fara juyowa suna kallo. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Sannu da hanya. Yaya mutanen can?"

"Lafiya lau, Inna. Shi ma lafiya. Har ƙiba ya yi."

"To madalla."

"Ke Lantana, tambaye shi mana!" in ji Rufaida. "Shekara nawa kina rama a tsaye? Kai ɗan nan, me ya hana shi kiran gida?"

"Inda muke babu rezo, Inna, waya ba ta kamawa, sai duwatsu. Wayarsa kuma ta faɗa rami. Amma yanzu ya sauko gari. Ya haɗo kaya a kwali, har da sabuwar waya, ya sa lambarsa a ciki. Yau in Allah ya so za ku ji muryarsa."

Rufaida ta tafa hannu. Lantana ta ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya ta mayar inda yake.

Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce akwai 'yar matsala, kuma kunya yake ji ya faɗa. Guzurinsa ya ƙare a hanya, direba ya riƙe kwalin sai an biya kuɗin kaya, motar kuma Damagaram za ta wuce yanzu-yanzu.

Lantana ta duba hanyar da Barmo ya bi. Kasuwa ta cika, ba ta hango ko hularsa ba.

"Tashi ki je, ni zan duba miki tire," Rufaida ta ce. "Za ki bari a wuce da kayan ɗanki?"

Lantana ta bi mutumin har bayan tasha. Can gefen wata farar mota wani ƙato yana zaune a kan kwali, yana kaɗa makulli a yatsa. Kwalin babba ne, an ɗaure shi tamau da igiyar roba. Tun kafin su ƙaraso ya fara faɗa.

"Malam, ka shanya ni a rana! Fasinja na jira. Ku biya ko in wuce da shi, ku same ni Damagaram."

Ya faɗi kuɗin. Lantana ta kwance bakin zane, ta haɗa na bunsuru da cinikin safe, duk da haka bai kai ba. Ƙaton ya yi tsaki, ya sunkuya zai ɗauki kwalin. Sai mai rawanin ya riƙe masa hannu.

"Haba, direba. Uwa ce fa." Ya laluba aljihu, ya zaro 'yan takardun da suka rage masa, ya ɗora a kai. "Ga na abincina. Cika da shi."

"A'a, ɗan nan, kai kuma fa?" in ji Lantana.

"Inna, abin da ɗanki ya yi mini a can ya fi wannan."

Shi ya ɗauko mata kwalin a ka har wurin zamanta. Ya ce an ja masa kunne kar a buɗe a kasuwa, saboda idon mutane. Ya ce gida zai je ya ga nasa iyayen, jibi ya juya arewa. Lantana ta juye sauran ƙuli-ƙulin duka a leda, ta haɗa da kwalbar mai mafi kyau, ta miƙa masa.

"Ka kai wa mutanen can," ta ce, tana kallon ƙasa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya yi mata addu'a, ta amsa, ya shige cikin jama'a.

Da Barmo ya dawo, Rufaida ce ta ba shi labari, da ƙari. Ya cire hula ya mayar, ya ce Allahu akbar ya fi sau nawa. Ya ɗaga kwalin ya ce, "Kai! Yaron nan dutsen Jado ya aiko mana gaba ɗaya?" Da ya tambayi kuɗin hatsi ta gaya masa inda suka tafi, sai ya ce ba komai, wanda ya aiko wannan ai ba zai bar su da yunwa ba.

A hanya bai bar ta ta huta ba.

"Uwar mai zinariya! Saki fuskar mana, ba kowa a nan sai ni da jaki."

"Kai dai kora dabbarka."

"In ya kira me za ki ce masa? Ko Fadila za ki miƙa wa, ki koma tankaɗe?"

Ta kau da kai. Amma tun daga Gazawa har ƙofar gida hannunta yana kan kwalin, a ƙarƙashin mayafi inda ba mai gani.

Sun iso da la'asar sakaliya. Kafin a sauke kaya labari ya zaga, matan maƙwabta suka cika tsakar gida. Fadila ta rangaɗa guɗa, ta rungume kwalin tana kuka tana dariya. Lantana ta zauna can bakin ɗaki a kan turmi, ta ce a ba ta ruwa, kamar abin bai shafe ta ba.

Barmo ya sa wuƙa ya yanke igiyar.

A sama tsummokaran buhu ne. Fadila ta ce don kar kaya su fashe ne, ta yaye su. Ƙarƙashinsu wani tsumman. Ta yaye. Sai yashi.

Ta tsaya. Ta dubi Barmo. Ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta zaro gutsuren bulo. Ta sake cusawa, wani gutsuren. Ta shiga tona da hannu biyu, yashi yana zuba a kan zanenta, tana cewa, "Wayar tana ƙasa, a ƙasa ya sa ta." Barmo ya janye ta, ya kama kwalin ya kifar. Yashi ya tsiyaye ya yi tudu a tsakar gida. Ya girgiza kwalin, ya leƙa ciki, ya sake girgizawa.

Kaza ta zo ta hau tudun tana tono, ba wanda ya kore ta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," wata tsohuwa ta ce a hankali.

Lantana ta taso. Kofin ruwan yana hannunta, ba ta san tana riƙe da shi ba. Ta zagaya yashin, ta dubi gutsattsarin bulon ɗaya bayan ɗaya.

"Direban ne," ta ce. "Shi ya musanya. Na ga idonsa, ba shi da imani. Amma wancan bawan Allah, har kuɗin abincinsa ya cika mini. A gabana ya zaro."

"Ya zaro ya ba wa?" in ji Barmo.

"Direban."

Barmo ya runtse ido. Da ya sake magana babu sauran wasa a muryarsa, bai kuma ce matar yaya ba.

"Lantana, zauna. Mutumin nan, da ya zo, wa ya ce ya aiko shi?"

"Ya ce ɗana."

"Na ji. Wane suna ya faɗa?"

Ta buɗe baki. Ta koma kasuwa a zuciyarta, ta ga takalmin da ya tuɓe, ta ji muryarsa. Ɗanki yana gaishe ki. Kayan ɗanki. Abin da ɗanki ya yi mini. Ta bi maganganun tun daga sallama har addu'ar rabuwa, tana neman wurin da sunan ya fito.

"Rufaida ta..." Rufaida ba ta san sunan ba. A ina za ta ji shi? Duk zaman da suka yi, ba ta taɓa jin sa daga bakinta ba.

"Jadon fa, shi ya fara faɗa?"

"Arewa ya ce."

"Wa ya ce Jado?"

Kofin ya suɓuce daga hannunta.

"Inna, ba ki tambaye shi ba?" Fadila ta ce. "Ko sunan Baba? Ko sunan ƙauyenmu? Inna, ko tambaya ɗaya?"

"A gaban mutane?" in ji Lantana. Ita kanta da ta ji abin da ta faɗa, sai ta kama bakinta da hannu.

Barmo ya fita neman aron mashin, ya ce zai koma Gazawa ya gaya wa jandarma, ko da yake kowa ya san kasuwa ta watse. Matan suka fara zamewa, kowace tana cewa Allah ya mayar da alheri, ba ta jiran amsa. Aka bar uwa da 'ya da tudun yashi.

Fadila ta share ido, ta ɗauko tsintsiya da kwano.

"Bari," in ji Lantana.

Ta durƙusa ta ɗebi yashin a tafin hannu. Ta kai shi kusa da ido, tana murzawa da yatsa a hankali. An ce ƙasar can daban ce, ta duwatsu, ba ciyawa ba itace. In daga can aka ɗebo wannan, to ko ba komai wani ya zo daga can. Ta baza shi a tafinta. Ga busasshen ganyen dogon yaro. Ga kashin awaki. Ga marfin kwalbar lemo, ko tsatsa bai yi ba.

"Na bayan tasha ne," ta ce.

Fadila ta tsuguna kusa da ita.

"Inna, to da ya ce yana lafiya, har ya yi ƙiba..."

"Bai san shi ba, Fadila."

"To yana raye?"

Lantana ta buɗe yatsunta, yashin ya zube. Ta goge hannun a zane, ta sake gogewa.

"Ban sani ba," ta ce. "Kwashe."