Tara Cikin Nawa?

"A'a, Hammanjoda, ni ban ce ƙarya kake ba. Tambaya na yi. Tara cikin nawa?"

Yakaka na zaune bakin murhu tana dama kunu. Shi kuwa yana tsaye bayan zana, tunda gidan ba na shigar maza ba ne, sai dai murya ta tsallako. Shi ne shugaban kwamitin iyaye na makarantar unguwa, kuma da hantsin nan ya zo da takarda a aljihu, wai zai kai ofishin En'e, hukumar da ke kula da makarantu, a cire Malama Christy daga aji shida. Dalilinsa, an yi jarrabawar Turanci ranar Alhamis, ajin Malam Gabdo yara ashirin sun ci, nata tara kacal.

Christy na tsaye ƙofar ɗakinta ta kasa ko ɗaura kallabi. 'Yar Michika ce, tana zaune wajen Yakaka tun shekarar da aka jefa ƙuri'ar da ta bar Mubi a Najeriya, kuma ajin nan shi ne aikinta na fari.

Ita Yakaka ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma Allah ya zuba mata son jin ƙwaƙwaf. Kullum bayan la'asar sai ta jawo tabarma kusa da Christy, tana kallon jan alƙalami na yawo a littattafan yara.

"Wannan me ya yi kika zubar masa da jini haka?"

"Kaka, cewa ya yi shanun Mubi sun fi Vimtim ƙiba."

"To ai gaskiya ya faɗa."

"Vimtim gari ne, Kaka. Sai ya ce sun fi shanun Vimtim. Saniya da saniya ake gwadawa."

Yakaka ta daɗe tana juya maganar. Wata rana kuma wata yarinya ta rubuta wai uwarta na son girki, da shara, da ta tafi kasuwa. Christy ta ce dole ukun su zo iri ɗaya. Yakaka ta dubi murhunta ta ce, "Ashe Turawa ma sun san in dutse ɗaya ya gaza, tukunya kifewa take." Daga ranar ta ɗan fara ganin girman Turanci.

Da aka gama jarrabawar, a ƙofar gidan nan malaman biyu suka zauna gyaran takardu, Yakaka ce ma ta danne musu su da ɗan dutsen niƙa kada iska ta kwashe. Nan ta lura tsibin Gabdo ya kai kaurin yatsu huɗu, na Christy da kyar ya kai ɗaya. Ta tambaya, aka gaya mata, ta ajiye abin a ranta.

Yanzu muryar bayan zana ta ƙara hawa. Yakaka ta bari sai da ya numfasa.

"Kai dai Bafillace, in ba shanu ba ba ka iya lissafi. 'Yar nan, yara nawa suka zauna a ajin Gabdo?"

"Arba'in da biyu, Kaka."

"Naki fa?"

"Goma sha ɗaya."

"Ka ji. Shi rabi ma bai samu ba, ita biyu ta zubar. Wa ya kamata a kai wa takarda?"

Sai muryar ta dawo da wata sabuwa: ai wannan ma laifinta ne, malamar da ba ta iya riƙe yara, iyaye na kwashe su zuwa gona tana kallo. Christy ta sunkuyar da kai, don ita ma ba ta san inda yaranta suka shiga ranar ba.

Yakaka ta sauke kunun, ta goge hannu a zane, ba gaggawa.

"Iyaye, ko? To, ranar Alhamis ɗin na bi hanyar Digil neman harawar awakina. Na tarar da yara sun fi ashirin, da rigar makaranta a jikinsu, sun duƙa suna cirar gyaɗa. Ka san ni da tambaya. Na ce gonar wa ce haka mai albarka? Suka ce ta Baba Hammanjoda ce, shi ya tare su a hanya da safe. Tsaya in ɗauko mayafina, ɗan nan, mu tafi En'en tare. Kai ka miƙa takardarka, ni da ban iya rubutu ba sai in faɗi nawa da baki."