Ankon Buɗe Masallacin Oke-Ola

Alhaji Mudasiru mutum ne mai son a ce ya isa. Shi ya shugabanci ginin sabon masallacin unguwar Oke-Ola mai hawa biyu, shi kuma ya zaɓi ankon ranar buɗewa, shuɗin yadi mai ɗigon fari. Gida-gida aka kai, har 'yan haya sun samu. Gida ɗaya ya tsallake da gangan, na mahaifiyarsa, Iya Abeke.

Tsohuwar ba ta taɓa musulunta ba, tana nan kan bautar Oshun, gunkiyar ruwa ta iyayenta. A garinmu Iseyin na ƙasar Yarabawa ba wanda abin ya dama. Amma manyan baƙi za su zo daga Legas, masu kiransa jikan malamai, shi kuwa bai taɓa gyara musu ba. A wurinmu wanda ba a kai wa anko ba, an ce masa ya zauna gida ke nan.

Ranar buki rumfuna suka cika, ko'ina shuɗi. Tsohon liman, Alfa Sulaimana, ya miƙe yana ba da tarihi: yadda masaƙa ƙalilan suka fara salla a rumfar ganye, yadda suka ɗora ginin ƙasa, har unguwa ta cika da musulmi. Sai ya tsaya cak, ya ƙura ido can bayan taro.

Iya Abeke ce tsaye a rana da sandarta, cikin wani koɗaɗɗen zane ruwan ƙasa.

"Kai, jama'a!" in ji liman. "Ankon buɗe masallacinmu na farko ne a jikinta! Ruwan da aka kwaɓa ƙasarsa da shi a kan matar nan ya zo daga rafi, da goyo a bayanta. Abeke, taho gaba. Har yanzu kin ƙi mu ko?"

"Alfa, kai ma ai har yanzu ka ƙi ni," ta ce. Taro ya fashe da dariya.

Babban baƙon Legas ya ba ta kujerarsa, yana tambaya, "Mama, ba ki da 'ya'ya ne a unguwar nan, da aka bar ki babu anko?"

Waɗanda suka sani suka sunkuyar da kai. Mudasiru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ga goyon nan kusa da kai," ta ce, tana nuna Mudasiru. "Ya aiko min tun kafin kowa. Ni ce na ce tsohon nake so."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi har wuya. Ya zube rub da ciki a gabanta, babbar riga da komai.

Ta dafa kansa, ta yi ƙasa da murya. "Tashi, Muda. Baƙinka na kallo."