Zanen Kwalekwalen Falonmu

Jami'a ta tura ni ƙasar waje zango ɗaya, karatun tarihin zane-zane. Malamarmu kan tsayar da mu gaban zane guda har ƙafa ta yi tsami, wai ido ba ya son gaggawa.

Da na dawo gida, na tsaya gaban tsohon zanen kwalekwalen da ke falonmu. Tun ina rarrafe yake nan, amma sai ranar na lura da wata yarinya a ciki, tana dariya.

"Mama, wa ya zana wannan?"

Ta riƙe ƙugu. "Ni ce, kafin ki zo ki hana ni sakat. Ashe sai kin hau jirgi za ki ga bangon gidanku!"